Rabo ya tarar da Ɗantata a shirye

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in koka kan wata magana da ta kama bakin samarinmu: "Ai arziki rabo ne." Wani ɗalibina ya faɗi jarrabawa bana. Tun zangon farko bai buɗe littafi ba, amma ya dube ni ya ce haka Allah Ya rubuta. Wallahi abin ya yi mini ciwo.

Na yi imani da ƙaddara. Alhassan Ɗantata bai zaɓi a haife shi a Bebeji ba, kuma ba shi ya shimfiɗa layin dogon da aka buɗe zuwa Kano a 1912 ba. Wannan rabo ne. Amma da kamfanonin Turawa suka zo neman gyaɗa, wa suka tarar? Mutumin da ya riga ya sha rana a hanyar Gwanja yana fataucin goro, ya san farashi, ya san mutane. Fatake nawa ne jirgin nan ya wuce suna kallo?

Ina roƙon malamanmu, in sun karantar da ƙaddara a mumbari, su haɗa da hadisin nan na ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Ɗalibin nawa bai taɓa jin sa ba.

Malamin makaranta,
Kano