Zuwa ga mutumina, kan aikatau a harshen Palau

Salam mutumina, ya gida ya iyali, ya fama da zafin Kano? Da fatan kowa lafiya.

Ka ce na ɓuya kwana biyu, to wallahi harshen Palau ne ya sa ni gaba, Palau ɗin wasu tsibirai ne can tekun Pasifik gabas da Filifin, mutanen ƙasar duka duka ba su kai dubu 20 ba. Nahawun da Lewis Josephs ya fitar a 1975 nake bi, kuma babin aikatau, wato kalmomin aiki irin su ci da sha, shi ya hana ni sakat.

Ka ga mu, wakilin suna ke nuna lokaci, na ci, ina ci, zan ci, shi "ci" yana nan zaune abinsa. Su kuwa cikin kalmar ake shiga a yi mata tiyata. Lmangel kuka ne, in ya wuce sai a cusa il a ciki ya koma lilangel. Mengelebed yana nufin ana cikin duka, amma in dukan ya kammala a kan mutum ɗaya sai ka ji cholebedii, in ni aka daka cholebedak, in kai ne cholebedau, in kuma jiya aka dake ni chillebedak. Wancan ch ɗin fa ba c ɗinmu ba ne, hamza ce irin ta sa'a. Tushen shi ne chelebed, ch ɗin ne ke rikiɗewa ya zama ng, shi ya sa neman kalma a ƙamus sai ka yi gumi.

Wanda ya fi burge ni menga da kolii. Na farko ci ne kawai, na biyu cinyewa tas, kamar dai yadda muke raba sha da shanye. Amma kolii na abu ɗaya ne, in abubuwan da yawa ne, kamar kifaye, wata siga daban ake kawowa. Har kalmar abinci ma, kall, daga nan ta fito, ma'anarta abin da za a ci.

Mo da mla ne kaɗai suka tausaya min, a gaban aikatau ake ajiye su ba a taɓa komai, ak mo menga zan ci, ak mla menga na riga na ci.

Don Allah in ka samu wani rubutu mai kyau kan giredin aikatau na Hausa, wato azuzuwan da ake kasa su bisa sigarsu, turo min ta WhatsApp, ina so in jera su gefe da gefe. A gaida Hajiya da yara.

Naka har kullum.