A Tantance Ramukan Bangon Injin Kafin a Kai Mota Fenti

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili in ja hankalin masu farfaɗo da tsofaffin motocin Amurka masu ƙarfin injin, irin su Camaro ta 1967 zuwa 1969 da Dodge Charger. Akwai wurin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, wato bangon ƙarfen da ya raba injin da mazaunin direba, da zoben robar da ke cikin ramukansa.

Kafin a kwance komai, a ɗauki hoton bangon ciki da waje, a manna takarda mai lamba a gefen kowane rami. A Camaro, ɓangaren direba ne ya fi cunkoso: nan sandar sitiyari ta ratsa, nan aka ɗaure tukunyar birki, ga akwatin fiyus mai mahaɗin wayoyi, ga injin waifa, ga ramin sandar kulochi idan giyar hannu ce. Ɓangaren fasinja na hita ne, bututansa biyu ɗaya inci 5/8, ɗaya inci 3/4. Motar da ta fito da na'urar sanyaya iska yankan bangonta daban ne, don haka akwatin hitar wadda ba ta da ita ba zai rufe shi ba, ko da an yi ta lafta gam.

Yaya za a bambance ramin kamfani da wanda wani makanike ya huda daga baya don rediyo ko ƙarin hon? A zura yatsa a shafa bakinsa ta baya. Na kamfani yawanci sumul yake, kewayensa daidai. Na injin huji kuwa yana da kaifi, sau tari ya ɗan karkace, kuma tsatsa ta fi cinsa. Za a kuma ga ƙananan lotsawa kamar an taɓa da kan ƙusa. Ba lahani ba ne, alamar inda ake hudawa ce idan mai saye ya nemi ƙarin kaya, kada mai gyaran bodi ya cike su. Littafin harhaɗa mota na kamfanin Chevrolet, mai ƙera Camaro, na shekarar da aka ƙera motar ya nuna abin da ke bi ta kowane rami. Ramin ma shaida ne na irin giyar da motar ta fito da ita: wayar mitar gudu ta giyar hannu samfurin Muncie ta gefen fasinja take fitowa daga jikin giyar, ramin da take bi ba ɗaya ba ne da na sauran giyoyi, masu saye kuma suna duba shi. Wanda ya toshe shi da walda don bango ya yi kyau ya rage wa motarsa daraja da kansa. Haka farantin bayanan bodi da aka kafe a jikin bangon, a bar shi inda yake.

Zoben roba kuwa awo uku ake yi masa: faɗin ramin, kaurin ƙarfen (wajen milimita 1 ne), da kaurin abin da zai ratsa. Tsagin zoben ne zai dace da ramin, ba leɓensa na waje ba. A auna da inci, domin zoben milimita da ya yi kusa da awon yakan zauna sako-sako, jijjiga ta fitar da shi. A jiƙa shi cikin ruwan zafi na 'yan mintuna, a shafa ruwan sabulu, ya shiga salin alin. Ban da baƙin mai ko giris, suna kumbura roba ta ruɓe.

Idan babu zobe, bakin ƙarfe yana gurzar rigar waya sannu a hankali har tagulla ta taɓa bodi, sai hayaƙi a ƙarƙashin dashbod. A Charger da 'yan uwanta na wancan zamani abin ya fi haɗari, saboda wutar caji tana bi ta mahaɗin bangon zuwa mitar caji, haƙoran mahaɗin da suka yi tsatsa kuma suna zafi har su narkar da gidansu. A goge su, wanda ya ƙone a sauya. Ramin da aka bari buɗe kuma hanya ce ta ruwa da zafi da hayaƙin salansa mai kisa.

Ramin da aka tabbatar ba na kamfani ba ne, a kankare shi zuwa farin ƙarfe, a tokare bayansa da farantin tagulla, a ɗiɗɗiga walda kaɗan-kaɗan ana barinsa ya huce don kada bango ya lanƙwashe. Kafin a kunna wuta a cire shimfiɗar da ke bayan bangon ta ciki, don tana kama wuta.

Naku,
Wani mai wayarin mota, Kaduna