Zuwa ga Autata, Kan Maganar Kaskon Gawayi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Auta, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kun tashi lafiya, ke da maigidanki da ɗan maigidana. Yaya sanyi, yaya kwanan jaririn? Babanki yana gaishe ki. Ƙafar tasa da sauƙi, har ya koma fita sallar asuba da kansa. Na zaɓi in rubuto miki ne don a waya ba kya bari in kai aya, da na fara sai ki ce "to Inna, na ji", kati ya ƙare, maganar ta bi iska.

Gwaggonki ta dawo daga rakiyarki, ta ba ni labarin tarbar da aka yi muku, na ji daɗi, Allah ya saka wa surukarki da alheri. Amma da kowa ya watse ta ja ni gefe ta faɗa mini abin da ya hana ni runtsawa tun ranar. Ta ce a daren da ta kwana ɗakinki, kin toshe taga da tsumma, kin saki labule, kin tura ƙyaure, sannan kin shigo da kaskon gawayi kin ajiye a gindin gado, yaron yana kwance. Ta ce kuma da leda kika hura shi a bakin ƙofa. Da ta yi magana sai kika ce kowa haka yake yi a garin, kuma an ce kada sanyi ya kama haƙarƙarin jariri.

Auta, ki bar wannan abu. Ba gobe ba, daren da takardar nan ta same ki.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne, gawayi in ya ruru ya yi ja, hayaƙi ya ɗauke, sai a ce ai shi ke nan, babu sauran illa. Alhali bai daina fitar da guba ba. Akwai wata iska da ke fita daga garwashi, likitoci na ce mata kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari balle ki farga. Tana shiga jini ta tare gurbin iskar da jiki ke rayuwa da ita. Babba zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, ya ce gajiya ce, ya gyara kwanciya. Wanda ke barci kuwa ba ya jin komai, daga nan sai dai a ɓalle ƙofa da safe. Jariri ya fi ki saurin numfashi, jikinsa ƙanƙane, ba shi da bakin da zai ce Umma kaina na ciwo. Zai yi lamo ne kawai, ke kuma ki ce kai, yau yaron nan ya yi barci mai daɗi. Wannan kalmar ce nake ji a kunnena in na kwanta, har in tashi zaune.

Kowane hunturu sai an ji labarin gidan da aka wayi gari ba su tashi ba, wani da gawayi, wani da janareto da aka shigar soro ko tsakar ɗaki don tsoron ɓarayi. Sai ka ji ana cewa aljanu ne, ko an yi musu sammu, ko abincin dare ne. Ajali gaskiya ne, ban musa ba. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kada mu bar wuta a gidajenmu idan za mu yi barci. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim, ki tambayi malamarku ta Islamiyya. In surukarki ta ce me ya sa kika fitar da kasko, ki faɗa mata wannan cikin ladabi, ki rusuna, kada ki ce da ita Innata ce ta ce. Ba na son a mayar da maganar ran yaro ta zama maganar gida biyu.

Sanyi kuwa akwai maganinsa da ba wuta ba. Ki sa masa hula da safa, ki bar yi masa wanka da sassafe har rana ta ɗaga, ki kwantar da shi a ƙirjinki fata da fata ku lulluɓa da zane, fuskarsa a buɗe. Ɗumin jikin uwa ya ishe shi. Tagar nan ki cire mata tsumman, ko da kaɗan ne iska ta riƙa ratsawa. In kuma wata rana, Allah ya kiyaye, kika ji kanki na sarawa a ɗakin da ke da garwashi, ko kika ga yaron ya saki jiki ya ƙi kama nono, kada ki tsaya neman tazargade ko jiran maigida ya dawo. Ki fito da shi fili, ki wangale ƙofa, ku nufi asibiti.

Sai maganar leda, wadda ita ce ta ɓata mini rai. Gawayin na yi miki uzuri, tsoron sanyi ne. Amma leda fa? A gidan wa kika ga ana hura wuta da leda? Ke da kika yi sakandare, ke da kika tashi kina ganin ina tara totuwar masara da ɓawon gyaɗa da ƙirare a bayan madafa tun daga kaka? Hannunki bai gutsure ba. Ƙyuya ce kawai da son a gama da wuri. Baƙin hayaƙin nan mai ɗaci da ke maƙale miki a maƙogwaro har ki yi hawaye, shi ne yaron da ke bayanki yake shaƙa, kuma shi ya fi ki kusa da shi in kin sunkuya kina fifita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki a cikin gidaje ya yi sanadin mutuwar mutum sama da miliyan 3 a shekarar 2020, kuma kusan rabin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da ciwon huhu ke kashewa, hayaƙin gida ne silarsu. Mu nan sai mu ce sanyi ne ya shige shi, mu ƙara rufe ɗaki, mu ƙara masa wuta. In za ki yi girki, ki kwance goyon ki miƙa wa wani, ko ki shimfiɗa masa a inuwa ta inda iska ba ta kai masa hayaƙi.

Kin manta jar akuyarki? Tana ci tana ramewa, ciki ya kumbura, muka ba ta kanwa, muka ba ta jiƙo, a banza. Da aka yanka ta, mahauci ya farka tumbin a gabanki ya zaro dunƙulen leda baƙa da fara, ta nannaɗe ta yi tauri, har da igiyar buhu a ciki. Kuka kika yi ranar, kika ƙi cin naman. To wannan ledar daga tsakar gidan mutane ta fito, daga ƙullin gishiri da na manja da na koko. Ba ta ruɓewa. In ta shiga juji ta bi taki zuwa gona, garma ta riƙa tono ta shekara da shekaru. In ta shiga kwata ta toshe. Ku da ke ƙasar Ringim ba sai an ba ku labarin ruwa ba, kun ga ambaliyar 2022 da idonku. Ban ce leda ce ta kawo ta ba, ruwan sama ne ya yi yawa, kogin Haɗeja ya cika ya batse, ga ciyawar kacala ta cushe hanyoyin ruwa ta can ƙasa. Amma ruwan da ke kwanciya a lungu ya jiƙa gindin katangar ƙasa har ta zauna, sau da yawa kwatar da leda ta toshe ce ta hana shi wucewa. Ki riƙa ba yaron aike kwano da kwando. Tuwo ki kwashe a kwano mai murfi ko kula, ki bar naɗe shi da zafinsa a leda. Alala ga gwangwani nan.

Na san abin da ke ranki, don na ga fuskarki lokacin wankan. Kina ganin mun ƙware ki. Maigidanki ya zo da kuɗinsa zai sayi marken bakin gona a sare miki itacen jego, babanki ya ce a'a, ni kuma na goyi bayansa, har matan unguwa suka yi ta cewa Inna ta yi wa autarta rowar itace. Su faɗa. Kwana arba'in ɗin nan akwai ranar da ruwanki bai tafasa ba? Akwai ranar da aka rasa ganyen darbejiya a tukunya? Da rassan da babanki ya sassabo da kara muka yi shi, kika fito fes, marken kuma yana nan tsaye. Ku ba ku ga abin da muka gani ba. Farin 1973 ina yarinya, na 1984 kuwa ina ɗakin babanki da goyon yayarku. Lokacin ko jihar Jigawa ba a yi ba, sai 1991, duk muna Kano. Shekarun nan ganyen itace ne ya riƙe mutane da dabbobi: kuka, zogale, tafasa, 'ya'yan aduwa da magarya, dabbobi kuma 'ya'yan gawo. Wanda ya ci wannan bai iya kallon itace mai rai ya ga girki kawai. Bayan nan muna kallo dajin arewa da mu ya yi ta sirancewa, rairayi yana binne shuka tun tana ƙarama, har ya zama layukan darbejiyar da gwamnati ta dasa ta wajen Gumel da Maigatari su ne ke tare mana iska. Yanzu kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, komai ya tashi, masu gas da yawa sun koma gawayi, buhuna jibge a bakin titi. Kowane buhu kirya ce ko marke da ya fi ki shekaru.

Abin da babanki yake yi a gona ba rowa ba ce. A bakin mutanen Nijar da ke zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya ji shi, su suna ce masa sassaben zamani. In ana sharar gona ba a tumɓuke tohon da ke fitowa daga kututturen sabara da kalgo da gawo. Sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Saiwar tana nan da ranta a ƙasa, don haka yana saurin tashi fiye da dashe, kuma ba ya neman ban ruwa. Ta haka manoman Maraɗi da Damagaram suka mayar da itatuwa a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5 tun daga shekarun 1980. Abin da aka datse shi ne itacen girkinmu. Gawo kuwa kin san halinsa, da damina yake kaɗe ganye ya bar wa gero rana, kuma ki duba zangarniyar gindinsa ki gwada da ta fili. Ki faɗa wa maigidanki wannan a lokacin da ya ci ya ƙoshi, ba a gaban mutane ba. Yaron kirki ne, zai ji.

Ba na ce ki bar dafa abinci ba, Auta, kuma na san ba ki da kuɗin gas. Murhun duwatsu uku ne ke cinye miki itace, rabin wutar iska ke kwashewa ta gefe. Ki gina na laka irin nawa. Ki kwaɓa jar ƙasa da ƙaiƙayi da kashin jaki, ki bar ta ta kwana biyu ta tsumu, ki kewaye duwatsun da ita daidai gindin tukunyarki, ki bar tazarar yatsa tsakanin tukunya da bango don wuta ta lashi gefe, ki buɗe baki ɗaya na sa itace. Ki bari ya bushe a inuwa kafin ki hura, in ya tsage ki shafe. A rumfa za ki yi shi, inda iska ke wucewa. Wake ki jiƙa tun dare, tukunya kada ta zauna ba murfi, in ta tafasa ki janye itace ɗaya, in kin sauke ki turbuɗe bakin wutar a yashi ya yi miki gobe. Tokar kada ki zubar, ta wanke tukunya, ta kashe warin masai. Ruwan alwala da na ɗaurayar kwanuka ki ba shi hanya zuwa gindin zogale. Ke da ke shayarwa, zogale a tsakar gida ya fi miki kuɗin da za ki ƙulla a bakin zane.

Na yi miki faɗa da yawa, na sani. Ki yi haƙuri da ni. Ɗakin nan da kuka bari har yanzu ƙamshin turarenki yake yi, in na shiga shara sai in tsaya. Na haifi tara, Allah ya karɓi uku tun suna hannu, kin san wannan ko da ba ma zancensa. Ba ni da ƙarfin da zan sake tsayawa a kan ƙaramin likkafani, balle a kan abin da cire tsumma daga taga zai hana. Ke uwa ce tagari, na ga yadda kike tashi da dare ba tare da an tashe ki ba. Shi ya sa na san za ki ji.

Ranar kasuwa zan ba direban da ya kai ku saƙo: bargo, huluna biyu da na saƙa, ƙullin kuka da daddawa, irin zogale, da 'yar fitilar sola da yayanki ya kawo mini, ni tocila ta ishe ni. Ki sa ta a rana da safe, ki bar kunna aci-balbal a ɗaki. In saƙon ya iso ki sa maigidanki ya kira babanki, ina son in ji daga bakinsa cewa kaskon ya koma waje.

Ki gaishe da surukarki da kyau, da matan gidan baki ɗaya. Ki shafa mini kan ɗan maigidana. Allah ya raya shi, ya yi muku albarka, ya zaunar da ke lafiya a ɗakinki.

Wassalam,
Innarki.