Gudun ɗan Adam yana da iyaka, ƙwaya ba ta ƙetare ta

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana da matasanmu masu sha'awar tsere, musamman waɗanda ke fitowa atisaye da asuba a kewayen filin wasa na Roumdé Adjia a nan Garwa, domin wasunsu sun yarda cewa tramol na ƙara wa mutum gudu.

A shekarar 1968 Jim Hines na Amurka ya yi tseren mita 100 a cikin daƙiƙa 9.95 a birnin Meziko. Sai a 2009, bayan shekara 41, Usain Bolt na Jamaika ya kai 9.58 a Berlin, wato duk horon da aka yi da kuɗin da aka zuba a tsakani ba su rage ko rabin daƙiƙa ba. Taku 41 Bolt ya yi a tseren nan, kuma saurinsa mafi ƙarfi bai wuce kilomita 45 a awa ɗaya ba, abin da ɗan acaɓa ke yi ba tare da ya matsa wa mashin ɗinsa ba.

Dalilin yana cikin halittar jiki. Ƙafar gwanin tsere ba ta cika kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a ƙasa, kuma a ɗan wannan lokaci ne tilas tsoka da jijiya su tura ƙasa da ƙarfin da ya ninka nauyin jikinsa. Tramol ba ya ƙara wannan ƙarfi ko kaɗan, ciwo kawai yake ɓoyewa, sai yaro ya ci gaba da gudu a kan tsokar da ta yage har ya nakasa kansa. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun daga 2024, kuma ba a manta da ɗan tseren mita 100 Ben Johnson na Kanada ba, wanda aka ƙwace wa zinare a Seoul a 1988 saboda maganin ƙara ƙarfi.

Ina kira ga malaman motsa jiki a makarantun Garwa da Marwa su zauna da yaran nan su yi musu wannan bayani, iyaye kuma su lura da abin da 'ya'yansu ke haɗiya kafin su fita fili.

Naka,
Mai karatu daga Garwa, Kamaru