Roƙon Tallafi: A Taimaka Mu Kammala Shafin Lissafin Maki na Ɗalibanmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu, malamanmu, 'yan kasuwa da ma'aikata da muke haɗa sahu da ku, wannan kira ne daga kwamitin ilimi na masallacin unguwarmu a nan cikin garin Sakkwato, kuma abin na gaggawa ne.

Duk lokacin da aka saki sakamakon jarrabawa, sai ka ga yaranmu sun taru a barandar masallaci bayan Isha'i, kowa da waya a hannu, wani yana lissafi a bayan takardar rajista, wani a tafin hannunsa. Mutum uku su lissafa sakamako ɗaya, su fito da amsa uku. Yaran nan wasu suna Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda ke nan tun 1975, wasu suna Jami'ar Jihar Sakkwato, wasu Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Da yawansu ba su san matsayin CGPA ɗinsu na gaskiya ba, wato matsakaicin makin da suka tara tun shigarsu makaranta, sai sun shiga ajin ƙarshe, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Ga yadda abin yake, don iyayen da ba su shiga jami'a ba su gane. A tsarin maki 5 da yawancin jami'o'in Najeriya ke bi, wanda ya ci 70 zuwa sama ya samu A, maki 5 ke nan. 60 zuwa 69 B ce, maki 4, haka ake saukowa har F wadda ba ta da komai. Kowane kwas yana da nauyinsa, wani yunit 2, wani 3, sai a ninka maki da yunit, a tara, a raba da jimillar yunit. To yaro ya ci B a kwas mai yunit 3, ya samu 12. Ya ci A a mai yunit 2, ya samu 10. Ya faɗi wani mai yunit 3. Shi da yake lissafi sai ya ajiye wanda ya faɗi gefe, ya raba 22 da 5, ya ga 4.40, ya kira gida da murna. Alhali da 8 ake rabawa, abin da yake da shi 2.75 ne. A jami'o'i da yawa kuma, ko ya sake rubuta kari-oba ɗin, wato kwas ɗin da ya faɗi, ya ci, faɗuwar farko tana nan cikin lissafi. Tsakanin 3.49 da 3.50 ba wani nisa a ido, amma nan ne iyakar daraja ta biyu ta ƙasa da ta sama a digiri, kuma wuraren aiki da masu ba da tallafin karatu da yawa a nan suke tankaɗe masu nema.

Matasanmu masu karanta ilimin kwamfuta sun fara gina shafin intanet da zai ɗauke wannan wahala. Ɗalibi zai sa kwasa-kwasansa da yunit da sakamako, shafin ya fitar masa da GPA, wato matsakaicin makinsa na zango, da CGPA gaba ɗaya, ya kuma gaya masa abin da sai ya ci a zangunan da suka rage kafin ya kai darajar da yake nema. Da Hausa da Turanci zai zo, har da tsarin maki 4 na 'yan kwalejin fasaha, zai buɗe a ƙaramar waya ba tare da cin data ba, kuma ba ya ajiye sunan kowa. Ba ya maye gurbin sakamakon da makaranta ta fitar. Aikin ya tsaya ne saboda kuɗin sayen adireshin shafin a intanet, kuɗin hayar mazaunin shafi na shekara, data, da kwamfutar tafi-da-gidanka ko da ta hannu ce. Yanzu da ta aro suke aiki, mai ita kuwa ya fara rubuta furojet ɗinsa.

Mun san abin da ke ran wasu. Wani dattijo ya tare mu a ƙofar masallaci ya ce, "Alkawuran da anka yi bara, ina sunka kwana?" Gaskiyarsa. Ranar da aka yi gidauniyar littattafai, manyan mutane sun karɓi lasifika sun ambaci abin da ya sa aka yi kabbara, har yau shiru, wasu ma sun daina ɗaga waya. Waɗanda suka cika kuwa su ne ba a ji muryarsu ba: mai shayin bakin titi, direban da ya kawo nasa a ƙulle cikin leda, da iyayenmu mata na makarantar dare da suka haɗa daga kuɗin adashe. Allah Ya saka musu da Aljanna.

Jama'a, a garin Shehu da Muhammadu Bello da Nana Asma'u, bai dace a ce aikin ilimi ɗan wannan ya gagare mu ba, alhali abin da ake kashewa a anko na biki ɗaya ya isa. Hadisin da Muslim ya ruwaito kun san shi: sadaka mai gudana da ilimi mai amfani suna bin mutum bayan rasuwarsa. Tsofaffin ɗaliban da masallacin nan ya biya wa rajista, yau kuna karɓar albashi, da ku muke musamman.

Muna so shafin ya fara aiki kafin a saki sakamako na gaba. Mai niyya ya ga ma'ajin kwamiti bayan kowace sallah, ko ya duba lambar asusu a allon sanarwa na masallaci. Wanda yake da tsohuwar kwamfuta a ajiye ya kawo, yaran za su gyara. Wassalamu alaikum.