Kalmar "traditional" a takardun kayan 'yan kasuwarmu na Jidda da Makka

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in ja hankalin 'yan'uwa masu sayar da kilishi, huluna da turaren wuta a Jidda da Makka, waɗanda ke sa Turanci a jikin kaya saboda alhazai da masu umara da ba sa jin Larabci. Kalmar da ke yawan kayar da su ita ce "traditional", wato na gargajiya.

Sifa ce, kuma wurinta gaban suna. Mu "abincin gargajiya" muke cewa, Balarabe ma da suna yake farawa, shi ya sa hannu ke zamewa a rubuta "food traditional". Daidai shi ne "traditional food". Ba ta jam'i kuma: hula ɗaya ko dozin, "traditional cap" ne ko "traditional caps", harafin s na kan hular. "Tradition" kuwa suna ne, al'adar kanta, ba a cewa "tradition food".

Inda aka fi yin ɓarna shi ne fassarar waya daga Larabci. "Taƙlidi" na nufin na gargajiya, amma "taƙlid" a bakin 'yan kasuwar Balad, tsohuwar unguwar Jidda, jabu ne, kishiyar "asli". Harafi ɗaya ya faɗi, sai waya ta ba ka "imitation", ka manna wa humrarka takardar da ke shelar cewa ta bogi ce. Haka "sha'abi", da mutanen Saudiyya ke kiran abincinsu na gado irin su jarish da saliƙ: waya "popular" take bayarwa, ma'ana mai farin jini, alhali "traditional" ake nufi.

Akwai kuma inda "taƙlidi" ba gargajiya ba ce sam. Bankin da ba na Musulunci ba, Larabawa "taƙlidi" suke ce masa, Turancinsa "conventional bank". Wanda ya mayar da shi bankin gargajiya, Bahaushe adashi zai zata.

Mai garin sabara ko bagaruwa kuma ya yi hattara kafin ya rubuta "traditional medicine". Da ka kira abu magani, ka shiga hurumin hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya, ita kuwa rajista za ta tambaya.

Wassalam.
Wani malamin Turanci, Jidda