Amsa ga ƙanena da ya tambaye ni kan digirin kula da zirga-zirgar jiragen sama

Ƙanena, ina gaishe ka.

Ranar da na yi wa ɗalibai jawabi ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni: in mutum ya yi digiri a fannin kula da zirga-zirgar jiragen sama da tsara sararin samaniya, shi ke nan ya zama mai ba matuƙa umarni, ko shekarun jami'ar asara ce kawai? Lokaci ya ƙure ban amsa maka yadda ya kamata ba, abin kuwa ya tsaya mini a rai.

Digiri dabam, lasisi dabam. Bisa ƙa'idar ICAO, hukumar jiragen farar hula ta duniya wadda yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta haifar, ba a ba ka lasisi sai ka cika shekara 21, ka tsallake gwajin lafiya na aji na 3, ka kammala horon da hukuma ta amince da shi, sannan ka yi aƙalla wata uku kana aiki da jirage na gaske, wani gwani na zaune a gefenka yana jin duk abin da ka furta. Saboda haka tun kafin ka cika takardar shiga, je likita ya duba idonka, musamman bambance launuka, ya duba jinka da zuciyarka. Ka kuma bincika ko hukumar jiragen sama ta ƙasarka ta yarda da kwas ɗin. Shekaru ma abin lura ne: a Amurka sai ka nemi aikin kafin ka cika 31, ritaya kuma a 56.

To mene ne amfanin jami'ar? Ni dai ban ɗauke ta asara ba ko kaɗan. Makarantar horo za ta koya maka ka raba jirgi da jirgi da tazarar ƙafa 1,000 sama da ƙasa, ko mil 5 na teku a allon rada. Jami'a ce ke zaunar da kai ka fahimci dalilin waɗannan lambobi, da yadda aka kasa samaniya aji-aji daga A zuwa G, da yanayin iska da gajimare, da doka, da yadda gajiya ke cin hankalin mutum bai sani ba. Aikin kansa kashi uku ne: na hasumiyar filin jirgi mai kula da tashi da sauka, na masu karɓar jirgi in ya doshi sauka, da na masu riƙe shi a tsakiyar tafiya. Mai digiri yana iya wuce nan ya zama mai zana hanyoyin da jiragen ke bi.

Akwai darasi biyu da nake so ka riƙe da hannu biyu in ka shiga. A 1977, a tsibirin Tenerife, jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Matuƙi ɗaya ya ɗauka an ba shi izinin tashi, alhali ba a ba shi ba. Bayan wannan aka tsaurara kalmomin rediyo, ba a ambatar kalmar tashi sai wajen ba da izinin ko soke shi. Yau kuma sai Turancinka ya kai mataki na 4 cikin 6. Kada ka raina wannan, don ba Turancin rubuta jarrabawa ake nufi ba, na magana ne a sarari lokacin da murya ke son rawa.

Na biyu ya fi taɓa ni. A 2002, a saman Überlingen ta kudancin Jamus, mai ba matuƙa umarni ɗaya aka bari da aikin mutum biyu cikin dare, wasu na'urori kuma ana gyaransu. Ya ce wa jirgin fasinja ya yi ƙasa, na'urar kauce wa karo da ke cikin jirgin ta ce ya yi sama. Matuƙan suka bi muryar mutum, jirginsu ya yi karo da wani jirgi. Rai 71 ya salwanta, akasari yara. Wanda ya karanci tsarin aikin gaba ɗaya shi ke iya ganin cewa matsalar ta faro tun daga jadawalin ma'aikata, kuma irinsa nake fatan ka zama.

In lafiyarka ta tsallake gwaji, ka shiga. Ka tambayi kowace jami'a awa nawa ɗalibi ke yi a na'urar kwaikwayon aiki, kuma wa ke zama da shi a ciki. Allah ya yi maka jagora.

Yayanka.